Ni na kunna ɗumin ɗakin da allurar Mama take

Salama gare ku 'yan uwa. Admin a ɓoye sunana, don akwai 'yan cocinmu a group ɗin nan. Don Allah ku ba ni shawara, abin ya fi ƙarfin kaina.

Ina zaune a ƙasar waje, a wata unguwa da ake kira Setapak, nan na yi karatun injiniya, kafin korona ina aiki da wani ƙaramin kamfani da ke haɗa wa mutane fitilu da AC da ƙofofi a waya. Yayana, bari in ce masa Bitrus, yana Jamus da matarsa Rifkatu. Gidansu irin wanda bututun ruwan zafi ke bi ta ƙarƙashin daɓe ne, ƙasan ɗakin ce ke ɗumama gidan. Da suka tare ni na haɗa masa abin a waya ta video call, shi yana danne-danne ni ina ba da umarni, ɗakunan ma ni na sa musu suna alhali ban taɓa taka gidan ba. Muka gama, ban cire kaina daga app ɗin ba, shi ma ya manta.

Mamanmu ta je musu wankan jego daga Kafanchan, sai aka rufe iyakoki, ta maƙale har sanyi ya shigo. Tana da ciwon suga, kullum sai ta yi wa kanta allura, maganin kuma ba ya son zafi. A gida saboda rashin wuta, a ƙasa take ajiye maganin kusa da randa, don a wajenta ba inda ya kai siminti sanyi. Can kuma ta ce ita ba za ta riƙa buɗe firjin surukarta safe da yamma ba, kunya take ji. Rifkatu ta yi ta fama ta ƙi, ƙarshe suka shirya a kan wani ɗan sito da ke jikin ɗakin Mama, Rifkatu ta kashe ɗumin wajen gaba ɗaya, Mama ta jera maganinta a ƙasa yadda ta saba. Duk wannan daga baya na ji shi.

Ni a lokacin aiki ya tsaya, an kulle mu, fita sai dai in sauka mamak, gidan abincin da ke ƙasanmu, in yi tapau, wato in sayo a ƙunshe, in dawo. Ina zaune da singileti gaban fanka ina zufa, Mama kuma duk kiran da za mu yi tana cikin suwaita biyu da hula tana cewa, "Auta, sanyin ƙasar nan har cikin ƙashi." Wata rana na buɗe app ɗin, na ga ko'ina a kunne sai wanda na sa wa suna ɗakin baya. Nan take zuciyata ta ce ai shi ne na Mama, wato matar nan tana jin ɗuminta da jaririnta ta bar tsohuwa a firji. Raina ya ɓaci sosai. Ban tambayi kowa ba, don na ga kamar in na yi magana Yaya zai kare matarsa, sai na kunna abina daga nan. Bayan kwana biyu Mama ta ce har yanzu sanyi, na ƙara. Ta sake faɗa, na kai shi ƙarshe, har ina yabon kaina wai ni mai kula da uwa. Ashe ɗakinta lafiyarsa lau, jikinta ne bai saba ba. Siton nake ta gasawa, ita kuma suga ya riga ya kashe mata tafin ƙafa, ga safa ga silifas, ba ta taɓa jin ƙasan ya yi zafi ba.

Makonni tana allurar da zafi ya lalata. Ta fara ƙishirwa da rama, ana cewa canjin abinci ne, har ranar da ta faɗi a bayi. Yanzu tana asibiti, ba a barin kowa ya shiga saboda korona, ba ta jin yarensu, ba ta gane mutane sosai. Likita ya tambayi inda ake ajiye maganin, Yaya ya koma gida ya taka siton da ƙafarsa ya ji ɗumi kamar bayan tukunya.

A saninsa mutum biyu ne ke da app ɗin, shi da matarsa, shi kuma ya san bai taɓa ba. Rifkatu ta rantse ta kashe da hannunta, ya ce ƙarya take, aka yi kaca-kaca, ya daina cin abincinta, ya koma falo da kwana. Magana ta isa gida, gwaggonninmu sun ce dama yarinyar ba ta so zuwan Mama ba, ɗaya har ta kira uwar Rifkatu ta zage ta. Yaya ya ce mini idan wani abu ya sami Mama, ranar da aka buɗe hanya ranar Rifkatu za ta koma gidansu, ɗan kuma ba za ta tafi da shi ba. Ina jinsa na ce ya yi haƙuri, iyakar abin da na iya faɗa ke nan. Na kashe ɗumin, na kasa goge app ɗin, abinci ma ba ya shiga.

Jiya Rifkatu ta kira ni, jaririn na kuka a kafaɗarta. Ta ce, "Ƙanina, kai ka haɗa abin nan, kai ka san shi. Duba mini ko yana iya kunna kansa. Yayanka ya ce duk abin da ka faɗa zai yarda." Ta ƙara da cewa a duk danginmu ni kaɗai ne ban zarge ta ba, Allah ya saka mini.

Ina iya cewa na'ura ce ta rikice, wataƙila auren ya tsira, amma gwaggonni sun riga sun ce na'ura ba ta da hannu, zargin zai bi ta har tsufa. In na faɗi gaskiya kuma, na san Yaya, shi ya riƙe ni tun rasuwar Baba, ba zai ƙara kallona a matsayin ƙani ba, in Mama ba ta tashi ba kuwa ni ne wanda ya kashe ta a bakin kowa. Tsoro nake ji, kunya kuma ta fi tsoron.

Me zan ce mata? Na ce ta ba ni zuwa gobe in bincika, ta ce to, ta gode, za ta yi azumi kafin nan.