Minti Goman Kelinu

Birgu, 3 ga Satumba

Zuwa ga matata Vitor,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina nan lafiya kamar yadda nake. Yaya 'yarmu Rozan da ƙarfin jiki? Yaya jinjiri, ya fara barinku ku huta kuwa? Ina fata sanyin Melbourne ya fara sauƙi, don na san gwiwoyinki ba sa shiri da shi.

Na san za ki yi dariya da ganin takarda, alhali duk Lahadi muna magana a waya. To, a wayar Rozan tana manne da ke, abin da ke cina kuwa ba na gaban 'ya'ya ba ne. Maganar ƙaninki Kelinu ce.

Kin fi kowa sanin shekara ashirin da bakwai ke nan ina kai baƙi yawon wuraren Barade, mayaƙan nan da suka mulki tsibirinmu a da, Talata da Juma'a. Ni na tsara yawon nan da hannuna tun kafin Sinjura Darmanin ta sayi kamfanin. Daga cocin San Juwan da safe, inda nake fama da mata masu takalmi mai tsini kada su kwarzane kaburburan marmara, har ganuwar Sant Anjlu da yamma, awa takwas bakina ba ya hutawa. A cikin awa takwas ɗin nan Kelinu minti goma gare shi. Ya ɗauke su a kwale-kwalensa daga Valletta ya sauke su a Birgu, shi ke nan aikinsa.

Jiya Sinjura ta kira ni ofis ta karanto mini abin da baƙi suka rubuta a shafin kamfani a watan da ya wuce. Vitor, Kelinu, Kelinu, Kelinu, kamar shi ya gina ganuwar. Wata Bajamushiya ta cika shafi guda a kansa, wai ba za ta manta da mai kwale-kwalen nan ba har ta mutu. Ni layi ɗaya ta ba ni: jagoran yana da tarin sani, kuma ƙafafunta sun yi ciwo. Sinjura na karantawa tana dariya, ni ma na yi ta yaƙe.

Da ma kwale-kwale mutum shida yake ɗauka, ni kuma sai na ƙirga kawuna nake shiga, saboda haka kullum a na biyun nake, na Lonzu, wanda ko gaisuwa da hanci yake amsa ta. Sai dai in riƙa jiyo dariya tana tasowa daga na gaba. Juma'ar da ta wuce baƙi biyar ne kacal, sai na shiga na ƙaninki, na ji da kunnena abin da ake wa dariyar. Yana tsaye yana tuƙi, ya nuna bakin mashigi da haɓa, ya ce nan aka ja sarƙa don tare jirage lokacin da Turkawa suka kewaye garin, kuma kakan kakan kakansa ne ya nutsa ƙarƙashinta da wuƙa a baki. Wai shekara guda cur aka yi ana yaƙin. Shekara guda! Yaƙin da bai cika wata huɗu ba. Na yi gyaran murya, sai ya ce, “Farfesa, sha iska abinka. A kan ruwa ni ne mai allo. In mun taka ƙasa ka ci gaba da ɗura musu shekaru.” Suka kwashe da dariya, har da wani tsoho da tun safe bai ɗaga ido ya kalle ni ba.

Ba zan ɓoye miki ba, kishi ya kama ni. Mutumin da bai taɓa buɗe littafi ba tun da ya bar makaranta, shi ake ɗauka hoto, ni ake miƙa wa waya in ɗauka.

Furanninki na baranda suna nan, ban bar su sun bushe ba. Ki gaishe da Rozan da mijinta, ki shafa mini kan jinjiri.

Mijinki mai kewarki,
Wistin

Birgu, 19 ga Satumba

Vitor tawa,

Gaisuwa da fatan alheri. Na ga hoton da Rozan ta turo, yaron nan goshin mahaifinki ya ɗauko sak. Yaya tarin da kika ce yana damunki, kin je an duba?

Kin ce a waya muryata ta canza. Ba mura ba ce, ƙarya na yi miki.

Sinjura ta zo da sabon tsari. Daga watan Nuwamba, bayan abincin rana, Kelinu ne zai zagaya da baƙi cikin Birgu, tun daga bakin ruwa har ƙofar Sant Anjlu. Na ce mata ai ba shi da lasisin jagora, kuma doka ta hana. Ta ce, “Haba Sur Wistin, ai shi ya sa kake nan. Kai sai ka biyo su a baya da katinka a wuya, in an tambaya a ce akwai jagora.” Kin ji fa. Shekara biyu na yi ina karatun katin nan, ke shaida ce, na zauna jarrabawa a harshe uku. Yanzu ni ne ƙusar da za a rataya shi. A garina kuma, a titin da aka haife ni, in bi bayan ƙaninki yana zuƙi-ta-malle, matan unguwa suna leƙowa ta baranda.

Shi kuwa ko a jikinsa. Na same shi bakin ruwa, ya ce, “Farfesa, an ce za mu yi tarayya. Kai ka riƙe lamba, ni in riƙe labari, ka ga baƙi sun ci biyu.” Da gaske murna yake yi, wannan ya fi komai ƙona mini rai. Da ya nuna yana son ƙwace mini ne, da na san yadda zan yi da shi.

To, na yi wani abu, kuma gara ki ji daga gare ni. Na rubuta wa hukumar da ke ba da lasisi takarda cewa akwai mai kwale-kwale a Birgu da ke aikin jagora ba izini. Ban sa sunana ba. A na'ura na buga ta don kada a gane rubutuna, na hau bas har Mosta na jefa ta a can. Kafin ki ce komai, ki tuna ban yi masa ƙage ba. Doka ce, ba ni na kafa ta ba. Kuma mutane suna baro ƙasashensu su zo su koma da tarihin da ba haka yake ba, wa zai tsaya wa gaskiya in ni ban tsaya ba? Haka na yi ta gaya wa kaina a bas, zuwa da dawowa.

Ran Lahadi ya kawo mini miyar kifi a tukunya kamar yadda yake yi tun da kika tafi. Ya ce yayarsa ta bar masa amanar wani tsoho da bai iya soya ƙwai ba. Na ci, Vitor. Har na ƙara.

Ina roƙonki kada Rozan ta ga wannan takarda. Allah ya ƙara muku lafiya.

Naki,
Wistin

Birgu, 14 ga Oktoba

Zuwa ga Vitor,

Ina gaishe ki, ina gaishe da yara. Ina fata kowa lafiya. Lahadi uku ke nan muna magana ba ki ɗauko zancen takardata ba, sai yanayin gari da nauyin jinjiri. Na gane, kuma ban ga laifinki ba. Ga yadda abin ya ƙare.

Hukumar ta turo wata mata ta shiga kwale-kwalen kamar baƙuwa. Ƙaninki kuwa ya ga sabuwar fuska ya saki baki, ya zuba mata kakan kakansa da sarƙa da wuƙa, har da waƙar masu tuƙi. Suna isa ta fito da katinta. An ci shi tara, an kuma ja masa kunne cewa tuƙi aka ba shi izini, ba bayani ba. Sinjura ma ta sami tata takardar, ta tsorata, ta soke sabon tsarin nan take. Ta ce Birgu tana hannuna kamar da. Ranar har fito na yi a hanya, ba zan yi miki ƙarya ba.

Alhamis da hantsi na bi ta bakin ruwa na tarar ya jawo kwale-kwalen tudu yana kankare tsohon fenti. Na so in wuce, ya ce, “Farfesa, zo ka taya ni karatu, idona ya fara gajiya.” Ya goge hannu, ya zaro takarda daga aljihu. Ashe da ya je ofishinsu ya nemi ya ga abin da aka rubuta a kansa, suka ba shi kwafi tunda babu suna.

Vitor, ban gaya miki tsawon takardar ba. Shafi huɗu ce. Ƙarar kanta layi biyar ce. Sauran duk gyara ne. Na zauna rubuta ƙara, sai hannuna ya ƙi tsayawa, na bi kurakuransa, waɗanda na ji da waɗanda baƙi suka maimaita mini, ɗaya bayan ɗaya da lamba, kowanne da rana da wata da shekara, har da sunan littafin da za a duba.

Ya ce, “Mutum ya ɓoye sunansa, ya je har Mosta ya jefa wasiƙa, amma ya kasa barin kuskure ɗaya ya wuce. A duk tsibirin nan mutum nawa ne haka?”

Na tsaya ina kallon fentin da ke zuba ƙasa.

Bai ɗaga murya ba. Ya sa yatsa a lamba ta bakwai ya ce, “Nan ka ce ba a wajen sarƙa aka yi faɗan masu iyo ba. To a ina aka yi? Gaya mini, ina son in sani.”

Kin san abin da na yi? Na gaya masa. Na ce sarƙar tana nan bakin mashigi tsakanin Sant Anjlu da Isla, garin da ke tsallaken ruwa, amma faɗan a ɗaya gefen Isla aka yi shi, wajen shingen turaku da aka kakkafa cikin ruwa, a watan Yuli. Na ce Turkawa sun zo da gatura su sare turakun, mutanenmu suka tuɓe suka faɗa ruwa suka tare su. Na yi ta bayani, har ina zana masa da yatsa a jikin kwale-kwalen. Abin kunyar shi ne daɗi nake ji. Rabon da wani ya saurare ni haka har na manta.

Ya bar ni na kai aya. Sannan ya ce, “Kai, wannan ai ya fi nawa daɗi. Shekara ashirin da bakwai, Wistin, muna cin abinci a tebur ɗaya. Da ka gaya mini, da tuni shi nake ba su, in ce daga bakin mijin yayata na ji.” Tun da na aure ki ban taɓa jin ya kira ni da sunana ba sai ranar.

Na ce masa zan je in janye takardar. Ya ce a janye me, an riga an rubuta sunansa. Na ce zan koya masa ya zauna jarrabawar. Ya yi dariya ya ce, “Ni da ko takardar wutar lantarki sai an karanta mini?” Ya ce ba zai iya ɗaukar mutane ya yi musu shiru kamar Lonzu ba, gara ya bar aikin kamfanin gaba ɗaya. Zai koma kai ma'aikatan jiragen ruwa da masu cefane, waɗanda ba ruwansu da Barade. Ya ninke takardar ya sa mini a aljihun riga. Ya ce, “Ni ban gaya wa Vitor ba, kuma ba zan gaya mata ba. Tana can tana murnar jika, kada ka ɓata mata.” Ban iya ce masa kin riga kin sani ba.

Lonzu ya ce shi kaɗai ba zai iya da mu ba, don haka Sinjura ta ɗauko ƙaramar bas da ke zagayowa da mu ta Marsa. Akwai lasifika a ciki, an ba ni. Talatar nan na yi magana tun daga ƙofar San Juwan har saman Sant Anjlu, babu wanda ya katse ni. Da muka hau ganuwa, wata yarinya 'yar Holan ta nuna ƙasa ta ce ina mai kwale-kwalen da ta karanta labarinsa, don shi ta zaɓi yawon nan. Yana nan ƙasanmu daidai lokacin, yana tsallakar da wani mutum da buhun dankali. Na ce mata ya daina. Ta ce me ya sa. Ni da ban taɓa rasa amsar baƙo ba, sai na hau ba ta tsawon ganuwar da kaurinta.

Abin da zan faɗa yanzu ban san yadda za ki ɗauke shi ba. Ko a lokacin, da na ga yadda fuskarta ta faɗi saboda shi, sai da kishin ya sake taso mini. Na ɗauka in na raba shi da baƙin zai tafi, ashe yana nan daram.

Ki kira shi ran Lahadi kamar yadda kika saba. Zai yi miki barkwanci, zai ce komai lafiya, zai ce ina cin abinci sosai. Ki bar shi ya faɗa, kada ki nuna kin sani, wannan kaɗai ya roƙe ni. Ni kuma in kin ga dama ki rubuto ko layi biyu ne, ko da zagi ne, ya fi mini zancen yanayin gari.

Ki gaishe da Rozan da mai gidanta. Allah ya raya mana jinjiri, ya dawo mini da ke lafiya.

Mijinki,
Wistin Psaila