Tunkiyar Baba Ta Tafi Ba Magaji

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya baƙunta, ya su Hajara da yara? Mu nan Bakura lahiya lau.

Tsohuwar tunkiyar marigayi Baba ta mutu. Kafin nan likitan dabbobi ya ɗebi ƙwayayen haihuwarta ya raya a ɗakin gwaji don a samu magaji, tare da na wasu tumaki masu jini a jika. Nasu sun kama, nata ko ɗaya. Ya ce ta tsufa, na 'ya'yanta ya kamata in kawo. Ni kuwa tuni na sayar da su a kasuwar Mafara, na riƙe ta don ita Baba ke shafa wa kai.

Har yau nakan tsinci kaina a turkenta da kwanon dusa.

Ka gai da kowa, a sa ni a addu'a. Irin garken Baba a hannuna ya ƙare.

Ƙaninka,
Bello