Taken Gado

Matamaye, 9 ga Disamba 1984

Zuwa ga Yaya Hamisu,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kana lafiya, kai da 'yan garinmu da ke cirani tare da kai a Kano, kuma ciwon gwiwar nan ya yi sauƙi. Mu nan sai godiya. Gonarmu ta Dawce ko dami biyar ba ta ba da ba, jar dawar taimako muke ci. Matarka Baiwa tana gaishe ka, ta ce tuwon dawar nan ko kaza sai ta yi shawara kafin ta tsattsage shi.

Albishirinka. Ɗanka Idi ya lashe kokowar zaɓe ranar Lahadi. Mutum huɗu ya kayar, na ƙarshe Sule ɗan Alhaji Issa, wanda ya ɗaga ya ajiye kamar buhun ƙaiƙayi. Shi ke nan zai tafi Damagaram cikin 'yan kokowar jiha, a ciyar da shi wata guda, in Allah ya so har ya nemi takobin da ake ba zakaran kokowar ƙasa. A wannan shekara, samun inda yaro zai ƙoshi ma kaɗai abin murna ne.

Da ya shigo fili, tsoho Bawa makaɗi ya dube shi, sai ya saki takenka. Ɗa ai taken ubansa yake gada, kowa ya sani. Rabona da jin kiɗan nan tun kana ɗaura layu, ni ina riƙe maka riga. Ban ɓoye maka ba, na yi hawaye a gaban 'yan lekol ɗina, yaran da nake koyarwa. Alhaji Issa dai ya tashi tun ba a watse ba, ko sallama bai yi mana ba, ga shi shi ne shugaban kwamitin wasanni, ni sakatarensa.

Ka gaida Malam Abdu. Allah ya sada mu da alheri.

Ƙaninka, Alasan

Matamaye, 21 ga Disamba 1984

Yaya Hamisu,

Gaisuwa da fatan kana lafiya. Na samu saƙonka, Idi ya sa rigar da ka aiko har ya ƙi tuɓewa. Sai dai na yi gaggawar yi maka albishir.

Alhaji Issa ya kai ƙara wurin kumandan mai mulkin garin. Ya ce kiɗan da Bawa ya yi na jam'iyyarku ta da ne, wanda kuka zaga ƙauyuka da shi lokacin zaɓe, don haka siyasa aka yi a fili, alhali soja sun hana siyasa. Kumandan yaro ne, baƙo, bai san take ba balle gadonsa. Jandarma sun kama Bawa, ya wuni biyu a hannunsu, suka sake shi suka riƙe gangar.

Na shiga biro, ofishin kumandan, na yi Faransanci har yawuna ya ƙafe. Na ce takenka ya girmi jam'iyyar, ita ta ara daga wurinka don kai ne kake tara jama'a. Kumandan ya tambaye ni ko an taɓa kaɗa shi a taron siyasa. Me zan ce? An kaɗa. Daga nan bai sake duban inda nake ba.

Hukuncin shi ne a sake karawa da Sule ranar Lahadi mai zuwa, ba ganga, kuma kafin a fara Idi ya tsaya gaban jama'a ya ce ya bar takenka har abada. In ya ƙi, Sule ne zai tafi.

Yaya, na gaji. Shekara ashirin da shida ke nan da ka ƙi sa hular jam'iyyar Alhaji, jam'iyyun duka biyu sun mutu an rufe su, rijiyar Icirnawa ta ƙafe, shanu suna faɗuwa a bakin hanya, shi kuwa abin da ya hana shi sakat ke nan. Na ce wa Idi ya faɗi abin da suke so, magana ce ta minti ɗaya, ciki kuma ba ya jin take. Ya sunkuyar da kai, ya tashi ya fita. Taurin kan nan na san inda ya samo shi.

Ka sa mu a addu'a.

Ƙaninka, Alasan

Matamaye, 2 ga Janairu 1985

Yaya Hamisu,

Ina gaishe ka, ina fata kana cikin ƙoshin lafiya. Mutan gida duk lafiya.

Idi ya shiga fili ranar Lahadi. An miƙa masa lasifika. Ya juya ya dubi wurin da Bawa ya saba zama, ba kowa sai tabarma. Ya daɗe a tsaye. Sannan ya mayar da lasifikar, ya kwance layunsa ɗaya bayan ɗaya, ya je ya ba Sule hannu, ya fita. Sule kansa kunya ta hana shi ɗaga kai. Ranar Talata aka tafi da Sule Damagaram.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Dole a aika rahoto Damagaram, kuma sakatare ke rubutawa. Alhaji ya zauna kusa da ni ya ce in rubuta cewa Idi tsoro ya ji ya gudu, kada maganar take ta fito. Na ce ba haka aka yi ba. Sai ya fara ba ni labarin wani mushe, malamin lekol irina, da aka kai koyarwa can cikin hamada, wata shida iyalinsa ba su ji ɗuriyarsa ba. Baki tara ke ci a hannuna, har da na gidanka. Na rubuta, Yaya. Da kyakkyawan rubutun nan nawa da kake yabo na rubuta cewa ɗanka matsoraci ne, na sa hannu. Da wannan takarda ba za su sake kiransa ba, ko baɗi.

Baiwa ba ta sani ba. Bawa ya ce in gaya maka gangar kawai suka karɓa, hannunsa yana nan.

Idi ya ce ba zai zauna garin ba, motar kamyon ta safe zai hau zuwa wurinka. Kada ka yi masa faɗa, ka nema masa ko dako ne. Ɗazu ya zo ya durƙusa yana yi mini godiya, wai ya ji yadda na tsaya masa a biro. Na ce ya tashi, na ba shi goro.

Shi zai kawo maka wannan wasiƙa, kuma ka san bai iya karatun boko ba. In ya tambaye ka abin da na rubuta, ka karanta masa duka, kada ka tsallake ko layi ɗaya. Ni na kasa gaya masa.

Ka yafe mini in za ka iya. Allah ya ba mu damina mai albarka.

Ƙaninka, Alasan