Gwiwar da Na Taka

Zuwa ga Yayana Habu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan kana lafiya, kai da Inna da iyalinka. Yaya ƙafar? Na san za ka ce da sauƙi. Ko kwance kake, haka kake cewa.

Wata bakwai ke nan da ka bar Legas ka koma gida. Har yanzu in motar danfo ta bi da ni ta kasuwar Mile 12 na hangi 'yan dako da kwandunan tumatir a ka, sai in sunkuyar da kai. Shekara goma sha ɗaya ka yi a cikinsu. Da wuyanka na yi karatu har na samu aikin ofis.

Ka tuna ranar da abokan aikina suka shirya hawan wani dutse can gaba da Abekuta, na ce ka zo ka sha iska? Ƙarya na yi maka, Yaya. Mai ɗaukar mana jakunkuna nake nema.

A gindin dutsen wata daga cikinsu ta tambaye ni da Turanci ko kai wane ne. Na dubi silifas ɗinka, na ce wani ɗan garinmu ne da ke taimaka mini. Na manta kasuwa ta koya maka Turanci. Ba ka ɓata rai ba, sai ka miƙo hannu ka ce, "Oga, kawo jakar." Ban taɓa jin kalmar da ta yi mini ciwo haka ba, amma na miƙa maka.

Hanyar a tsaye take. Mu masu takalman tsada muna ta haki, kai kuwa jaka huɗu a jikinka, kana gaba kana jiranmu.

Dab da ƙololuwa hanyar ta ƙare, sai dutse sumul wanda sai an kama da hannu an rarrafa. Kowa ya haye, ni kaɗai na tsaya na kasa hawa. Ka durƙusa ka kafa mini gwiwarka. Na taka da duk nauyina, dutsen da ka dogara a kai ya goce, na ji ƙarar da gwiwar ta yi. Wallahi na ji ta. Ka ce, "Wuce, ba komai." Na wuce. Na kai sama na ɗaga hannuwa aka yi mini hoto ina dariya.

Da likita ya ce kai da dako har abada, ni na yi kuka, kai ka lallashe ni.

Jiya Inna ta kira ni tana ta sa mini albarka, wai na yi ɗawainiya da kai ranar da ka faɗo daga motar albasa a kasuwa. Ashe abin da ka faɗa mata ke nan. Na yi ta cewa amin, ina jin kunyar kaina.

Ba zan iya riƙe albarkar da ba tawa ba, Yaya. Ranar Juma'a zan shigo mota, in durƙusa gaban Inna in faɗa mata komai da bakina. Don Allah kada ka sake tare mini.

Allah ya ba ka lafiya, ya buɗa maka hanyar da ta fi dako, ya saka maka da Aljanna. Ni kuma ya yafe mini, in kai ka yafe.

Ƙaninka, uwa ɗaya uba ɗaya,
Nura
Agege