Kwalaben Yaya Dorcas

Narayi, Kaduna.

Anti Martha,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ina fata takardar nan za ta same ki lafiya, ke da Baba Jonathan da yara a can Fatakwal. Allah ya sauƙaƙa miki ciwon gwiwar nan. Mu nan da godiya. Mama tana zuwa zumuntar mata kamar kullum, Vicky ta fara koyon ɗinki a Trikania, ni kuma ina nan a ɗakin sanyi na kifi a kasuwar Television.

Anti, maganar Yaya Dorcas ce ta sa na rubuto, don a waya bakina ba zai iya ba. Kin san shekara goma sha huɗu ke nan tana bin rugage tana ɗibar jinin shanu masu ciwon sammore. Ta taɓa yi mini bayani cewa maganin da ke kashe ƙwayar cutar a da, yanzu ba ya taɓa ta, shi ne take so ta gano wane wuri ya canja a cikin halittar ƙwayar, kuma a wace shekara. Kowane jini yana cikin 'yar kwalba da ba ta kai ɗan yatsa ba, da 'yar takarda manne a jiki: ruga, saniya, shekara. Watan jiya firizar wurin aikinsu ta mutu. Ta kawo mini akwati huɗu, ta ce in ajiye mata, kada su kuskura su ji ɗumi.

Mu kuwa duk Asabar mukan kashe inji mu wanke ɗakin, mu zuba kifi a baho da ƙanƙara. Sai na yi wa kayanta gatan da nake yi wa kifi mai tsada: na juye kwalaben a bahonsu daban, na binne su da ƙanƙara sosai. Da muka gama wanki na dawo, ƙasan bahon ya zama ruwa, takardun suna yawo a kai kamar ɓawon gyaɗa. Kwalaben da sanyinsu, ko ɗaya ba ta fashe ba. Anti, har murna na yi.

Da Yaya ta zo ba ta ɗaga murya ba. Ta ɗauki ɗaya ta duba a haske, ta tambaye ni ko na san wace saniya ce. Ta ce jinin lafiyarsa lau, amma jinin da ba a san shekararsa ba daidai yake da na kwata. Na ce a koma a sake ɗiba, ni zan raka ta. Ta yi 'yar dariya, ta ce in na san motar da ke zuwa shekarar 2011 in tsayar mata. Malam Auwal ma, wanda ta fara da garkensa, ya kwashe shanunsa tun da hanyar can ta daina biyuwa, babu wanda ya san inda ya nufa.

Da can abincinta sai ya huce tana karatu. Yanzu tana ci a kan lokaci, ta zauna kallon fim da Mama har da tambayar wa ya auri wa. Mama tana gode wa Allah wai 'yarta ta samu hutu. Ni na san ba hutu ba ne. Yaya ta ce mini laifinta ne da ta yi amfani da takarda, kada in sa a rai. Da ma zagina ta yi.

Ta rubuta takardar barin aiki, tana cikin jakarta. Ta kuma ce in miƙo kwalaben ta kai a ƙone. Sau biyu ina ce mata makulli yana hannun Oga, mai ɗakin sanyin. Shi kuma Oga yana son wurin kafin kifin Kirsimeti ya iso. Ke kika kai ta jami'a, maganarki take ji. Don Allah ki kira ta. Ban san me za ki ce ba, ni ma na nema ban samu ba. In kin ga babu abin faɗi, ki gaya mini kawai, in ba ta kayanta ranar Asabar.

Ki gaida Baba Jonathan da Ben da Charity. Mama da Vicky suna gaisuwa. Yaya Dorcas ba ta san na rubuto ba, shi ya sa babu tata gaisuwar.

Ɗanki,
Sylvanus