Ratsin Lamba Goma Sha Huɗu

Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya aiki, ya idon naki?

Cikin ya sake zubewa, na huɗu ke nan. Ko kuka ban iya yi ba, zanin kawai na wanke na kwanta. Likita ya ɗebi jinina da na maigidan, ya ce ɗakin awonku za a kai. Don Allah ki duba da kanki, kuma kar ki yi min kwana-kwana.

Ƙanwarki, Auta

*

Auta,

Sannu da jiki, Allah ya ba da na aike. Ido ya gaji, tabarau ma ya gaji da ni.

Na duba. A cikin ƙwayoyin jikinmu akwai zaruruwa arba'in da shida, kuromozom ake ce musu, rabi daga uwa, rabi daga uba. In mun rina su sai su fito da ratsi, baƙi da fari, kowane da tsarinsa, a nan muke gane su. Farin ratsin ya fi cika da umarnin gina jiki.

Na maigidanki kalau. A naki, wani yanki na lamba goma sha huɗu ya yi musayar wuri da na lamba huɗu. Ba abin da ya ɓace, shi ya sa kike lafiya. Wajen raba wa ɗan tayi ne matsalar take, wani ya samu da yawa, wani ya gaza. Amma ana dacewa, na sha gani. Sau uku na ƙirga ina fatan kuskurena ne.

Yayarki

*

Yaya,

Ina gaisuwa. Na karanta wa maigidan. Ya daɗe yana kallon takardar, ya ce, "To ai ba ke kika ɗinka kanki ba," ya tashi ya dafa min shayi, ya manta sukari.

Likita ya ce yawanci gadonsa ake. Inna ta yi ɓari biyar tsakanina da ke. Ke ma uku, kafin mijinki ya sallame ki. Kin taɓa duba naki?

Auta

*

Auta,

Ki yi haƙuri da shiruna na wata guda.

Shekara goma sha tara ina duba na mutane, nawa sai jiya. Iri ɗaya ne da naki, ratsi da ratsi. Na rufe madubin awon, na zauna har aka zo shara.

Kar ki faɗa wa Inna ke kaɗai. Har yau cewa take ɗaukar kaya ne ya jawo mata. Ina tafe ranar Asabar.

Ki gaishe da maigidan.

Yayarki