Inna Ta Kira Sunanka

Kaura Namoda,
Jihar Zamfara.

Zuwa ga Yayana Armiya'u,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina roƙon Allah Ya sa kana cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti Laila da yara, Ya kuma sauƙaƙa muku sanyin ƙasar Turawan nan. Mu nan da sauƙi. Har yanzu muna ɗakuna biyun da muka raɓa tun da ɓarayin daji suka tashe mu daga Dauran. Bana ma ba a taɓa gonar Baba ba. Kawu Liman ya zo daga Galadi a kan babur, ya ce ko da rana tsaka sai da addu'a ake bin hanyar Shinkafi.

Yaya, na rubuto ne don a waya ba ka barin mutum ya kai ƙarshen magana. Da an gaisa sai ka shiga labarin aikinku. Har na haddace shi: wai kun ƙera wani mayafi da bai kai ɓawon albasa kauri ba, daga wani sinadari ɗan uwan gawayi, kuma haske kaɗai ke tura shi a hankali har ya ja kumbo cikin sararin sama ba tare da mai ba. Madalla. Ni ma kullum ina fifita gawayi a ƙofar ɗaki, ban dai ga abin da ya tashi ba sai hayaƙi. Ba raina aikinka nake ba, Allah Ya sani na yi alfahari da kai har maƙwabta suka gaji da ni. Amma yau haushinka nake ji, kuma gara ka sani.

Idon Inna yana tafiya. Likita ya ce hawan jinin ido ne, abin da ya tafi ba ya dawowa, na haggu ya riga ya mutu, na dama kuma saura ɗan kaɗan. Na faɗa maka tun kafin azumi, ka ce ai kun yi magana da ita ta ce lafiya lau. To me kake so ta ce? Kai ɗan fari ne. Matar da ba ta taɓa kiran sunanka ba tun da ta haife ka, sai dai ta ce "wancan na Turai", matar da in ka kira take miƙa mini waya da sauri kamar ta ɗauki garwashi, ita ce za ta buɗe baki ta ce tana marmarin ganinka? Ka san kunyar ɗan fari sarai, a cikinta ka tashi. Ka dai samu inda za ka fake ne. Ka ce sai ƙaramar salla, ta wuce. Ka ce sai babba, ka sake ɗagawa saboda gwajinku.

Ranar Juma'a ka turo hoton bidiyon gwajin, ka ce a nuna wa Inna. Ƙanwarmu Mubaraka ta kai mata tana zaune bakin ƙofa, ta gaya mata saƙo ne daga gare ka. Inna ta kawo wayar dab da idonta na dama. Babu kai a ciki, Yaya, ko hannunka babu. Mayafin ne kawai cikin wani akwatin gilashi, an haska masa fitila yana sheƙi, yana ɗan motsawa. Ita kuwa da ta ga abu fari yana motsi, sai ta ɗauka kai ne cikin farar riga kake duƙawa kana gaishe ta. Ta gyara lulluɓi. Ta ce ka rame, ta tambaya ko ba a ba ka tuwo a can. Ta yi ta sa wa wannan abu albarka, ta ce Allah Shi tsare mata kai. Sannan, a gabanmu, da Kawu Liman zaune, ta kira sunanka. Sau biyu ta kira shi, a hankali, tana jiran ka amsa.

Kawu ya sunkuyar da kai. Mubaraka ta tashi ta shige ɗaki. Ni kuma na kasa gaya mata gaskiya, na ce mata hanyar sadarwa ce ba kyau, shi ya sa ba ta ji muryarka ba. Tun ranar take cewa a sake kunna mata kai.

Ba kuɗi nake nema ba, kada ka turo. Maganinta yana nan. Kai da ka iya lissafin yadda ɗan haske ke tura kumbo, ka lissafa wanda ya rage a idon mahaifiyarka. Likita bai ba mu tabbacin zai kai kaka ba. In ka zo bayan nan, za ta shafa fuskarka da hannu, ba za ta yi maka ƙorafi ba, ka san halinta. Ni ce dai ba zan manta ba.

Ka gaida Anti Laila, da Hassan da ƙaramar Asabe mai sunan Inna, wadda Inna ba ta taɓa gani ba. Kawu Liman da Mubaraka suna gaisuwa. Inna ba ta ce a gaishe ka ba, don a wurinta kun riga kun gaisa ranar Juma'a.

Ƙanwarka,
Zulaihat